Sunan 'yar kyanwa, na mai kiwo ne ko na mai saye?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Dan Allah a ɗan bani fili. Na san wasu za su ce ana fama da tsadar shinkafa shi kuma wannan ya zo mana da zancen mage, to ai duk faman da ake yi mutane basu fasa kiwo ba. Duk mai leƙa Instagram ko status na WhatsApp ya san a Kano da Kaduna da Abuja yanzu kiwon kyanwa ya zama sana'a, musamman irin masu gashi buzu-buzun nan 'yan asalin Farisa, kullum sai kaga an ɗora bidiyo an rubuta wance tana nan a kasuwa, wane an riga an biya kuɗinsa. Abinda ya dame ni shine sunayen da masu kiwon suke laƙa musu tun kafin mai saye ya zo.

Ni dai ra'ayina mai kiwo ya saka suna, amma ya san sunan aiki ne ya saka, na takarda, ba shi ne zai bi kyanwar har tsufanta ba. Kuma ya kiyayi sunayen mutane.

Dole ya saka, don mage in ta haihu takan zubo huɗu ko biyar, wani lokacin duk farare sol kamar an buga su a inji, idonsu ma baya buɗewa sai sun yi mako ɗaya zuwa kwana goma. Mai kiwo na gaskiya kullum yana ɗora su a ɗan sikelin kicin yana rubuta nauyi, yana lura wacce ce bata kama nono sosai, wacce ce take zawo, wacce aka ba maganin tsutsa wacce ba a ba ba. In babu abinda yake bambanta su da shi wallahi sai ya ba ɗaya magani sau biyu ya bar ɗaya ba ko ɗigo. Wasu zare mai launi suke ɗaura musu sako-sako a wuya, to da ka fara cewa mai jan zare, mai koren zare, ai ka riga ka raɗa suna ko baka so. Sannan ba kwana biyu za su yi a hannunsa ba. Ƙungiyar masu kiwon kyanwa ta Ingila, GCCF, wadda take nan tun 1910, shawararta ita ce kar a raba su da gidan da aka haife su sai sun kai mako 13, bayan an gama musu allurar rigakafi. Wata uku cur kana share musu kashi kana basu abinci, ace baka kiran su da komai? Masu cewa basa saka suna don kar su shaƙu rabuwa tayi musu ciwo, ina tausaya musu amma ni ban yarda ba, shaƙuwa bata jiran suna.

A ƙasashen da wannan harkar ta daɗe sun raba abin gida biyu. In za ka yi wa 'yar kyanwa rajista a ƙungiyoyin rajistar kyanwa, irin su CFA ta Amurka da aka kafa 1906, ko TICA ta 1979, sunan gidan kiwon ne yake zuwa a gaba sannan nata ya biyo, sai kaga suna dogo zungurere wanda ba mai iya kiransa lokacin da take ƙoƙarin hawa kan tebur. Faransa kuma nasu salon daban, kowace shekara da harafinta, waɗanda aka haifa a 2024 sunansu ya fara da V, na 2025 kuma aka dawo kan A, da ka ji sunan ka san shekarar haihuwa. Duk wannan na takarda ne, don a san uwa da uba da kakanni. Wanda ya saya in ya je gida ya kira ta abinda ransa yake so, ba mai kai shi ƙara.

Mu a nan ne aka cakuɗa. Babu rajistar, babu takardar asali a wajen yawancin masu sayarwa, sai sunan kawai aka ɗauko saboda yana jawo kasuwa. Wasu na Turawa suke sawa, su Luna su Bella, wanda in an kai gida Hajiya Kaka ba za ta taɓa faɗa ba, mus-mus ɗinta za ta ci gaba da yi kuma kyanwar ta amsa mata da gudu. Wannan bai dame ni ba. Wanda ya dame ni shine masu saka sunan yanka na mutane, wai don abin ya bada sha'awa.

Wata 'yar uwata ta saya wa yaranta guda ɗaya, tun tana ƙarama mai kiwon yake turo bidiyo yana kiranta da wani suna, yaran suka haddace, kullum sai sun kalla kafin su kwanta. Ashe sunan surukarta ne, uwar mijinta, wadda a gidan ba mai kama sunanta, 'yar da aka yi wa takwara da ita ma Ummi ake ce mata. Ranar da tsohuwar ta zo gidan tana zaune a falo autan ya shigo da gudu yana ƙwala kiran sunan, yana cewa ta sake yin fitsari a bayan kujera. Kowa ya yi tsit. Tsohuwar dai dariya ta yi tace ai ta samu takwara, amma 'yar uwar tawa har yau in aka tuna mata sai ta rufe fuska. Mai kiwo bai san gidan da kyanwarsa za ta faɗa ba, bai san sunan wa ake sakayawa a can ba, kuma akwai mutane da yawa da ko babu surukuta basa son jin sunan Annabawa ko na Sahabbai a kan dabba, to me ya kai shi?

Alhali muna da hanyarmu tun da. Masu dawaki da launi suke kira, akawal, kili, danda, ba wanda ya taɓa jin haushi. Me zai hana mai kiwon kyanwa yace Fara, Toka, Mai Safa, Gajera? Ya isa a rubuta a katin asibitin dabbobi, kuma ba zai ja wa kowa magana ba.

Masu tsoron wai in an canza suna kyanwar za ta rikice, su kwantar da hankalinsu. Gaskiya ne tana gane sunanta, a 2019 wata mai bincike a Tokyo, Atsuko Saito, ita da abokan aikinta sun gwada, sai a faɗi wasu kalmomi a jere har kyanwar ta gaji ta daina kulawa, da an ambaci sunanta sai kunne ya motsa ko ta juyo da kai. Amma sautin ta riƙe saboda abinci da shafa da suke biyo bayansa. Ka riƙa kiran sabon sunan duk sanda za ka ajiye mata kwano, ba za a daɗe ba za ta saba, balle 'yar wata uku.

Abinda zan roƙi masu saye shine in kun canza suna kar ku yar da tsohon katin. A Ingila tun watan Yunin 2024 doka ta ce sai an dasa wa kyanwa 'yar ƙaramar na'ura mai lamba a ƙarƙashin fata kafin ta kai mako 20, lambar ce shaidarta. Mu katin nan ne kawai muke da shi, a ciki aka rubuta ranar da aka yi mata allura da ranar da za a koma, har da ta ciwon haukar kare. Ku sa likita ya rubuta sabon sunan kusa da tsohon. Masu kiwo kuma in mutum ya riga ya bada kafin alƙalami ku tambaye shi sunan da yake so tun kafin ku fara turo bidiyo, saƙo ɗaya ne a waya.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Mai karatunku,
daga Kaduna.