Ba duk ƙurji mai ruwa ne ƙarambau ba

Assalamu alaikum Edita, don Allah a ba ni ɗan fili in faɗi abin da ya same mu a gida, saboda har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Ɗiyar yayana ce, shekararta 14, tari ya dame ta aka je kyamis aka sayo mata Septrin kamar yadda kowa ke yi a nan Ƙaura Namoda. Wajen kwana goma da fara sha sai zazzaɓi, ido ya yi jajir, maƙogwaro na ciwo, washegari leɓɓanta suka yi bororo. Iyayenmu mata suka ce ƙarambau ne, wata ta ce baƙon dauro, har da mai cewa jifa ne aka yi wa yarinya. Aka shiga shafa mata toka da man shanu, kuma abin takaici ana ci gaba da ɗura mata maganin nan wai don zazzaɓin ya sauka, alhali shi ne ke cinye ta. Sai da fatar bayanta ta fara saluɓewa kamar wadda aka watsa wa tafasasshen ruwa, ko ruwa ba ta iya haɗiyewa, sannan muka nemi mota zuwa Gusau.

Likita na ganinta tambayar farko da ya yi ita ce, wane magani take sha? Ya ce sunan ciwon Stevens-Johnson, jiki ne ke ƙin wani magani sai ya juya ya far ma fatarsa, kuma yana kisa, yana makantarwa. Ba Septrin kaɗai ba, akwai Fansidar da muke sha na maleriya, da Tegretol da phenobarbitone na farfaɗiya, da nevirapine na ƙanjamau, da Feldene ɗin nan da tsofaffi ke sha don ciwon gwiwa. Maganin bai lalace ba fa, dubban mutane na sha lafiya lau, wani jikin ne dai ba ya karɓa. Ta kwanta sati uku ana jinyarta kamar mai ƙunar wuta, Alhamdulillahi ta tashi amma har yanzu idonta ba ya son rana.

Edita, roƙona a nan shi ne gidajen rediyonmu da ma'aikatar lafiya ta jihar Zamfara su yi ta faɗa wa mutane da Hausa, in mutum ya fara sabon magani cikin makonnin nan sai ga zazzaɓi da ƙuraje a baki da ido ko al'aura, kar a ƙara ba shi ko ƙwaya ɗaya, a ɗauki kwalin a tafi asibiti a ranar, ba sai gobe ba. Su ma masu kyamis da masu tallar magani a tasha su ji tsoron Allah su riƙa tambaya ko maganin ya taɓa yi wa mutum illa, NAFDAC kuma ta leƙo kasuwannin ƙauye. Mu dai mun rubuta sunan maganin a takarda mun saka mata a jakar makaranta, duk asibitin da ta je ta nuna.

Naku,
Wani mai karanta jaridarku daga Ƙaura Namoda, jihar Zamfara