Ka je ka zauna jarrabawar nan

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Mu nan Tudun Wada lafiya lau, sai ƙafar mahaifiyarka da sanyin nan ya tayar.

Kawunka ya zo jiya bayan la'asar, ya ce ka karɓi wayarin ɗin wani bene a Rigasa kai kaɗai, har ka ɗauki yara biyu. Na yi murna, amma wallahi ban rintsa ba. Ya ce da ya yi maka maganar takardar shaidar sana'a, sai ka ce hannunka ne takardarka.

Ni za ka gaya wa hannu? Ka san shekarun da na yi ina gyaran wuta a masaƙa a Kakuri. Da aka rufe, yaran da na koya wa riƙe filaya su aka ɗauka a wasu wurare, don suna da shaidar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago. Ni kuwa duk inda na je sai a ce, "Baba, ina takardarka?"

Amma ba ma wannan ne ya hana ni barci ba. Gobara nake tsoro. Mai gida zai ce ka sa siririyar waya 1.5 a layin soket don ya rage kuɗi, alhali ka san wurin mai kauri 2.5 ne, kuma na san ka da jin nauyin manya. A jona hita da dutsen guga, waya ta yi zafi cikin silin, ƙarfe biyun dare, yara suna barci. Idan aka zo bincike ba mai neman wanda ya matse kuɗi. Cewa za a yi, wa ya yi aikin, ina lasisinsa? Mai lasisin NEMSA, hukumar da ke kula da ingancin aikin lantarki, yana iya cewa ƙa'ida ta hana shi, ya tattara kayansa ya tafi. Kai da me za ka kare kanka? Ga ran mutane a wuyanka har gaban Allah.

Taurin kan nan naka ya ishe ni. Masu walda da kafintocin Panteka, wasu sun haife ka, sun je Kaduna Poli an gwada su an ba su shaida. Ka fi su ne?

Na san kana riƙe da ni kan maganar makaranta. Lokacin nan abin da za mu ci ma gagara yake, kuma ban kai ka wajen ogan naka don na ƙi ka ba. Aikinka yana da tsabta, na ga wanda ka yi a masallacinmu, har na ji ƙwalla.

Gwajin Ma'aikatar Ƙwadagon mataki uku ne, daga na 3 ake farawa, shi ne na ƙasa. Kuɗin rajista na ajiye wajen mahaifiyarka. Ka zo ran Asabar, kafin ka ja waya ko ɗaya a benen nan, mu zauna in ga lissafinka.

Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka