Likita, haƙorin da aka dasa min yana neman lalacewa

Assalamu alaikum Likita, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ka yi haƙuri da tsawon saƙon nan, wallahi tun jiya da na dawo daga asibiti ban runtsa ba.

Shekara 3 kenan da aka yi min dashen haƙori, turmi ne na ƙasa, wato an huda ƙashin muƙamuƙi an ɗaura wani ƙarfe kamar sukuru, titaniyom suke ce masa, na jira wata 4 ƙashi ya kama shi sannan aka ɗora haƙorin a kai. To tun watannin baya in na goge baki sai jini, ga wari, har maiɗakina ta fara kau da kai in ina magana, wannan shi ya fi ci min rai. Jiya wani likitan daban ya ɗauki hoto yace ƙashin da ke riƙe da ƙarfen ya fara zaizayewa, ya danna dasashin sai ga mugunya. Wai ƙwayoyin cuta ne suka taru suka yi yauƙi suka manne a jikin ƙarfen, da yake an yi shi da kaushi don ƙashi ya kama, su ma nan suke laɓewa, buroshi baya kaiwa, maganin sha kaɗai baya gamawa da su.

Shi wancan da ya dasa ko sau ɗaya bai faɗa min haka ba, shi dai a biya shi kawai. Eh yace in riƙa dawowa ana dubawa, amma wanda ba inda ke masa ciwo me zai je yi? Sau biyu nake goge baki kullum. Sigari na rage sosai, maganin suga ma ina sha, sai dai wani lokacin in manta.

Na gani a intanet ana yi wa irin ƙarfen rufi da azurfa don kada ƙwayoyin su kama. Me yasa bai sa min shi ba? Sabon likitan yace yawanci har yanzu gwaji ake, kuma ƙarfin rufin na raguwa, ya bani kulohesidin na kurkure baki yace zai buɗe dasashin ya kankare. Ni dai gani nake asirin ɗan uwansa yake rufawa.

In cire in nemi mai azurfar ne, ko ƙashin da ya tafi yana dawowa? Kuma in je in tunkari wancan ko in bar shi da Allah? Ita maiɗakin ban faɗa mata ba tukuna, don ita ta hana ni tun farko, ta ina zan fara?

Naka, mai sauraronka kullum.