Rahoton Ayyukan Shekarar 2024 ga 'Yan Ƙungiyarmu Masu Auna Ruwan Sama

Assalamu alaikum. Iyayenmu dattawa, malamanmu, 'yan uwa maza da mata, barkanmu da ganin ƙarshen shekara lafiya. Ga bayanin abin da muka yi, kamar yadda kwamiti ya ɗora wa sakatare ya rubuto.

Aikinmu na kullum ya tafi yadda aka saba. Da NiMet, hukumar yanayi ta Najeriya, ta fitar da hasashen damina a farkon shekara, mun mayar da shi Hausa, muka karanta shi a unguwanni da ƙauyuka kafin shuka. Masu ma'aunin ruwa sun riƙe amana: kowace safiya a zuba abin da ya taru a kwalbar awo, a durƙusa a daidaita ido da layin, a rubuta milimita a littafi. Mun samu giɓi a wuri biyu, ɗaya awaki suka ture ma'aunin, ɗaya kuma mai shi ya yi jinya a watan Agusta. Allah ya ƙara masa lafiya. Ambaliyar Maiduguri ta watan Satumba, da madatsar Alau ta ɓalle, ta sa mun yi zama na musamman muka haɗa ɗan abin da ya sawwaƙa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Sabon abin da ya shigo aikinmu bana, wanda ya ci rabin zamanmu na ranar yanayi ta duniya, 23 ga Maris, shi ne batun zangon rediyo. Wasu sun tambaya, da gaskiyarsu: me ya haɗa mai auna ruwa da zango? Zan ɗan tsaya a nan, don ni kaina sai bana na gane girman abin.

Ma'aunanmu kaɗan ne, tsakanin ɗaya da ɗaya tafiya ce mai nisa. Abin da ke cike wannan giɓi taurarin ɗan'adam ne. Wasunsu hoto suke ɗauka, wasu kuwa saurare suke yi. Tururin ruwan da ke cikin iska yana fitar da wani ɗan sigina na halitta, mai rauni ƙwarai, kuma ana sauraronsa a kan gigahaz 23.8 (gigahaz ma'aunin zango ne, kamar mitar gidan rediyo). Da shi ake gane yawan laimar da ke sama, wadda ita ce abincin hadari. Haka iskar da muke shaƙa take da nata tsakanin gigahaz 50 da 60, inda ake auna zafin sama hawa-hawa. Gidan rediyo in an matsa masa yana iya komawa wata mita, ya sanar da masu sauraro. Tururin ruwa ba ya ƙaura. Inda Allah ya ajiye shi nan yake, kuma ba wani injiniya da zai ce masa ya ɗaga murya.

Baba, tsohon ma'aikacin tashar yanayi da ke cikinmu, shi ya warware mana da misali. Ya ce ka ɗauka kana kasa kunne ka ji kukan ɗan tsako a cikin akurki, sai maƙwabci ya tayar da injin markaɗe a jikin katangarka. Injin a gidansa yake, bai shigo naka ba, amma ƙarar ba ta san katanga ba. Ya ce abin da ya fi tayar masa da hankali ba ƙara mai yawa ba ce, don ita ana gane ta a zubar da awon. 'Yar kaɗan ɗin ce mugu, wadda za ta saje da sigina, kwamfuta ta ɗauka laima ce, ta gina hasashe a kan ƙarya.

Maƙwabcin nan kuwa yana nan. Wani zango da aka ware wa 5G, sabon tsarin sadarwar waya, ya fara daga gigahaz 24.25, dab da wurin da ake sauraron tururi. A 2019 Amurka ta yi gwanjonsa, hukumominta na yanayi (NOAA) da na sararin samaniya (NASA) suka yi ta jan kunne. Shugaban riƙo na NOAA a lokacin, Neil Jacobs, ya gaya wa majalisar ƙasar cewa ingancin hasashe na iya raguwa da kusan kashi 30 cikin 100. A ƙarshen 2019 ɗin, taron Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, a Sharm el-Sheikh ta Masar ya sa iyakar ƙarar da ƙarafan sabis za su riƙa zubarwa, tare da sharaɗin za a tsaurara ta daga Satumban 2027. Hukumar Yanayi ta Duniya ta so a fi haka tsanani. An sake zama a Dubai a 2023, na gaba kuma 2027 ne.

Ba kuma zato ba ne kawai, an riga an gani. Tauraron SMOS da Turai ta harba a 2009 don auna damshin ƙasa yana saurare a gigahaz 1.4, zangon da dokar ITU ta haramta wa kowa watsa komai a cikinsa. Duk da haka ya tarar da ƙara a wurare da dama, har aka shiga bin ƙasashe ana roƙo su kashe na'urorin da suka saɓa. Damshin ƙasa kuwa, manomi ya san shi ne ke raba shukar da za ta tsira da wadda za ta ƙone.

Dole in fayyace abu ɗaya, don an yi mana mummunar fahimta a wani taro. Mu ba maƙiyan 5G ba ne, kuma ba ruwanmu da jita-jitar zamanin korona cewa 5G ce ke kawo cutar. Zangon da NCC, hukumar sadarwa ta Najeriya, ta yi gwanjonsa a Disambar 2021, MTN da Mafab suka samu, na gigahaz 3.5 ne, nesa da tururi. Da waya muke tura awonmu, da ita gargaɗi ke isa ƙauye. Roƙonmu shi ne ranar da za a zo raba wancan zango na kusa da tururi a ƙasar nan, a zaunar da masu yanayi a teburin tun farko. A ganina mu muka fi kowa buƙatar haka. Ƙasar da ta cika da tashoshi da na'urorin rada masu hango hadari tana da abin dogaro in tauraro ya kurmance. Mu da Nijar da Chadi, da cibiyar AGRHYMET ta Yamai da aka kafa a 1974, mai yi wa Sahel hasashe, kusan da idon sama muke gani. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, ta wuraren da ba kowa ke auna komai ba.

Abin da muka iya yi: mun rubuta taƙaitaccen bayani da Hausa muka raba, mun yi hira sau ɗaya a wani gidan rediyo, mun kuma aika wasiƙa ga wani ofishi da abin ya shafa. Har yau ba amsa, kuma wannan ya yi mana ciwo. Kwamiti ya yanke a sake rubutawa, wannan karon mutum biyu su kai da hannu, su karɓo shaidar an amsa.

Kuɗin wata ya yi baya sosai, ma'aji zai kawo lissafi dalla-dalla a babban taro. Muna neman matasa biyu masu ilimin sadarwa da za su riƙa bibiyar shirin taron 2027 suna yi mana bayani. Masu littafin awo su taho da shi a zaman Janairu, ko da akwai kwanakin da ba a cike ba. Kada a cike su da ƙiyasi, a bar su fanko.

Wassalam,
Sakatare, a madadin kwamiti