Wasiƙa kan dutsen da ke tafiya gaban Duniya

Assalamu alaikum, Malam.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Mu nan ƙauye lafiya lau, an kwashe gero, sanyi ya fara bugawa daga wajen Haɗeja. Ga amsar tambayar da ɗalibanka suka yi kan 2010 TK7, dutsen nan na sararin sama da ke kewaya Rana a gaban Duniya: ta yaya yake zama a can, me ya sa kuma aka daɗe ba a gan shi ba?

Ka fara da zane a ƙasa, ya fi dogon bayani. Kafa tsinke a matsayin Rana, ka ɗaura masa igiya ka ja da'ira, hanyar Duniya ke nan. Sa tsakuwa a kan da'irar a matsayin Duniya. Da wannan tsawon igiyar, auna daga tsakuwar zuwa gaba a kan da'irar, ka yi alama, ka sake yin haka ta baya. Alamar gaba ita ce L4, ta baya L5, kowace digiri 60 daga Duniya. Lagrange, masanin lissafi, ya nuna a 1772 cewa ƙaramin abu zai iya zama a wuraren nan biyu. Sharaɗin shi ne wadda ake kewayawa ta fi mai kewaya ta nauyi da aƙalla kusan ninki 25, Rana kuwa ta fi Duniya da ninki kusan 333,000.

Irin wannan dutse, na duniyar Mushtari (Jupiter) aka fara gani: masanin taurari Max Wolf ya gano wanda ake kira Achilles daga Heidelberg ta Jamus a 1906. Namu, wanda ke wajen L4, sai bayan shekara fiye da ɗari, kuma dalilin shi ne abin da nake so yara su kama. In an duba daga Duniya, L4 tana digiri 60 ne kacal daga Rana, don haka sai da asuba take ɗagowa ta gabas, ƙasa-ƙasa, kafin ka kai ga aunawa gari ya waye. Dutsen kuma faɗinsa kamar mita 300 ne. Kada wani ya ɓata barcinsa yana nemansa da madubin hannu.

Na'urar hangen nesa mai suna WISE ta NASA, hukumar binciken sararin sama ta Amurka, ce ta kama shi a Oktoban 2010, domin tana sararin sama inda babu wayewar gari, tana kuma duban zafin da abu ke fitarwa, ba haskensa ba. Amma gani na 'yan kwanaki ba ya tabbatar da falaki, wato hanyar da yake bi: hanyoyi da dama za su dace da ɗigo kaɗan, kuskuren kuma yana ƙaruwa kowane wata har dutsen ya ɓace. Sai da Martin Connors da Paul Wiegert da Christian Veillet suka sake samo shi a Afrilun 2011 da babban madubin hangen nesa a Hawayi, sannan aka tabbatar.

Inda masu koyarwa ke yawan kuskure shi ne su ce yana zaune cif a kan L4. A'a. Kamar akuya ce a turke mai doguwar igiya. Yana kewaya Rana a shekara guda kamar mu, amma hanyarsa ta karkace daga ta Duniya da kusan digiri 21, tana kuma kai shi kusa da Rana ta dawo da shi. Bayan haka yana lilo a hankali, daga kusan kilomita miliyan 20 da mu har can kusa da bayan Rana, ya komo, cikin shekara kamar 395. Wannan faɗin lilon ne ma ya fito da shi inda WISE ke dubawa a lokacin, digiri 90 daga Rana. Karkacewar kuma ita ta sa aika masa kumbo zai ci makamashi fiye da wasu duwatsun.

An sami na biyu, 2020 XL5, a Disambar 2020, shi ma a L4, faɗinsa ya ɗara kilomita ɗaya kaɗan.

In za ka yi zanen, ka nemi igiyar da ba ta miƙewa, in ba haka ba kusurwar ba za ta fito 60 ba. Ka gaida uwargida da yara.

Wassalam,
Amininka