Wasiƙar ƙorafi ga kamfanin sadarwa kan satar wayoyin tagulla

Zuwa ga Shugaban Kamfani,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne saboda ƙorafin da na shigar a ofishinku bai haifar da komai ba sai lambar shaida da saƙon ban haƙuri. Sau uku ke nan cikin wata biyar layin wayarmu da intanet suna ɗaukewa, kuma kowane karo amsar ɗaya ce, wai ɓarayi sun yanke waya.

Na san ku ma an cuce ku, domin tagulla, ƙarfen da tan ɗinsa ya haura dala 10,000 a kasuwar ƙarafa ta Landan a 2021, ba zai rasa masu kwaɗayinsa ba. Abin da na kasa ganewa shi ne irin gyaran da kuke yi. A karo na ƙarshe na tsaya ina kallon ma'aikatanku. Murfin ramin wayar yana yashe a gefe, babu kwaɗo babu walda, an datse wayar da zarto an janye, ga kuma baƙin tabo a ƙasa inda aka ƙona robar domin a fitar da tagullar. Suka jona sabuwar waya irin wadda aka sace, suka mayar da murfin kamar yadda yake, suka kama gabansu. Wannan ai ajiya kuka yi wa ɓarawo, ya dawo ya ɗauka ranar da ya ga dama.

Hanyoyin kariya ba ɓoyayyu ba ne. A Birtaniya, kamfanin sadarwa na BT ya sa na'urar da ke sanar da shi wurin da aka yanke waya nan take, ya kuma riƙa shafa wa wayoyinsa SmartWater, wani ruwa mai alama da ke nuna mai kayan ko da an same su a hannun dillali. Dokar da aka yi a Ingila a 2013 ta wajabta wa masu sayen tsohon ƙarfe mallakar lasisi da tantance wanda ya kawo musu kaya, ta kuma hana biyansa da tsabar kuɗi, saboda ɓarawo ba ya sata sai ya san inda zai kai. Ko kun taɓa zama da 'yan gwangwan da hukuma a kan wannan?

Za ku ce kuna komawa wayar fayiba, wadda zaren gilashi ne a cikinta. Madalla, amma ɓarawon dare sai ya yanke yake gane cewa ba tagulla ba ce, don haka ita ma tana buƙatar alama a jikinta da murfi mai makulli.

Ina neman ku cire mana kuɗin kwanakin da ba mu da layi daga lissafin wannan wata, ku kuma sanar da mu a rubuce ranar da za a kulle wancan ramin.

Naku,
Wani mai amfani da layinku