Wasiƙa zuwa ga iyaye: ƙananan kwamfutocin yara da maganar sabuntawa

Assalamu alaikum, iyaye da masu riƙon yara. Muna gaishe ku, da fatan kuna lafiya tare da iyali.

Magana ɗaya wasiƙar wannan wata ta ɗauko. Yawancin kwamfutocin da ɗalibai ke zuwa da su ƙanana ne masu sauƙin kuɗi, irin waɗanda ake samu a Kasuwar Dole ko a sayo daga Kano. Don rubutu da karatu sun wadatar, wanda ya saya bai yi kuskure ba. Damuwarsu ita ce ƙaramin ciki, kuma da cikin ya cika sai su daina karɓar sabuntawa, wato abin da ke fitowa a allo da sunan « mise à jour ».

Ga yadda abin yake. Da yawansu 32 Go (giga, ma'aunin girman ma'ajiya) aka rubuta a kwali, wasu 64. Ma'ajiyar irin wadda ake kira eMMC ce, a liƙe take da allon ciki, ba a cire ta a sa babba. Daga 32 ɗin, kusan 29 ne ke bayyana, Windows kuma ya cinye wajen 20. Ragowar nan ce yaro zai zuba darussa da hotuna da bidiyo. Ita kuwa sabuntawa tana son fili sau uku: inda za ta sauka, inda za a kwance ta, da inda za a ajiye tsohuwar ko za a koma mata. In filin bai kai ba, sai ta yi nisa ta tsaya, ta nuna lamba 0x80070070. Lambar nan ba lalacewa take nufi ba, rashin wuri ne kawai. Abin takaicin shi ne gobe za ta sake gwadawa, ta sake cin kuɗin intanet.

Wasu in sun gaji sai su sa a kashe musu sabuntawar gaba ɗaya. Muna roƙonku kada a yi haka. Microsoft na fitar da gyaran tsaro a Talata ta biyu ta kowane wata, kuma ta hanyar sabuntawar ce Defender, mai gadin da ke cikin Windows, ke sanin sababbin ƙwayoyin cuta. Kile USB ɗin yaro yana yawo tsakanin gida da makaranta da shagon buga takardu. Can ake kwaso cutar nan mai ɓoye takardu ta bar gunkinsu kawai.

Abin da muke so shi ne a samu 10 Go a sake kafin a taɓa sabuntawa. A fara da shiga Paramètres, Système, Stockage, sai Fichiers temporaires. A zaɓi Nettoyage de Windows Update da Corbeille, a share. A kula da akwatin Téléchargements: in aka zaɓe shi, duk abin da yaro ya sauke zai tafi, har darussansa. In an ga Installations précédentes de Windows, shi ne tsohon Windows, yakan fi kome girma. Kwana 10 yake yi ya goge kansa, amma in kwamfutar na aiki lafiya ana iya share shi tun kafin nan, sai dai ba sauran komawa baya.

Sai a sayi ƙaramin katin microSD na 32 ko 64 Go a bar shi a ciki kullum. A kwashe bidiyo da hotuna da karatun murya a mayar can. A shafin Stockage ɗin akwai inda ake sauya wurin da sabon abu zai riƙa sauka, a nuna masa katin. Wannan shi ne gyaran da ya fi daɗewa, don shara kullum dawowa take yi.

Akwai dabaru biyu da suka fi kyau a bar wa malami. Umarnin powercfg /h off yana cire wani fayil da ke riƙe kusan 1,6 Go a kwamfuta mai RAM (ƙwaƙwalwar aiki) 4 Go. Amma daga nan in batir ya mutu, aikin da ba a adana ba ya tafi. Umarnin compact /compactos:always kuma yana matse Windows kansa, a samu wajen 2 Go. Kada kowa ya shiga jakar Windows ya goge abu da hannu don ya ga yana da girma, musamman WinSxS. Kwamfutar na iya ƙin tashi.

In duk da haka wuri bai isa ba, Windows da kansa yakan nemi a sa masa kile mai 10 Go a sake, ya ari wurin. Kada a zare shi sai an gama.

Maganar wuta da zafi ta shafe mu mu na Damagaram fiye da wasu. A cika batir, a bar caja a jone, sannan a fara. In wuta ta ɗauke batir kuma ya ƙare a tsakiyar aiki, nan ne Windows ke lalacewa. Ƙididdigar da ke nuna ci gaban aikin a allo kan tsaya a wuri ɗaya har ta yi awa, a yi haƙuri, kada a danne maɓallin kashewa. Da yawan ƙananan nan ba su da fanka a ciki, saboda haka a watannin Afrilu da Mayu a yi aikin da asuba ko da dare, a kan tebur, ba kan katifa ba. Mai jona kwamfuta da intanet ɗin waya ya kunna Connexion limitée don kada ta shanye masa kuɗi. Amma ya sani hakan na tsayar da yawancin sabuntawa, dole sau ɗaya a wata a kai ta inda wifi yake.

Saura babbar magana. Tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina kula da Windows 10. Ta bar wata ƙofa mai suna ESU, ta gyaran tsaro kawai, har zuwa 13 ga Oktoba 2026, ga kwamfutar da ke kan sigar 22H2 kuma aka yi mata rajista da asusun Microsoft. Windows 11 kuwa yana neman ma'ajiya 64 Go da RAM 4 Go da wani sashen tsaro na cikin kwamfuta mai suna TPM 2.0. Mai 32 Go ba ta cika sharaɗi ba, kuma ba mu ba da shawarar a cusa mata shi da ƙarfi, don wata ɗaya ko biyu za ta sake shaƙewa. A ganinmu Linux Mint Xfce, wanda ake sawa a madadin Windows, ya fi dacewa da ita: kyauta ne, 20 Go da RAM 2 Go sun ishe shi ya zauna, kuma yana zuwa da LibreOffice mai buɗe takardun Word da Excel. Sa shi yana goge duk abin da ke ciki, shi ya sa ba za mu sa wa kowane yaro ba sai da yardar uba ko uwa ko mai riƙo.

Mai niyyar saye nan gaba, ya sa mai kaya ya buɗe masa Stockage ya gani da idonsa. Ya nemi 128 Go ko fiye, kuma ma'ajiya irin SSD, ba eMMC ba.

Ɗakin kwamfuta zai kasance a buɗe kowace Asabar daga ƙarfe 8 zuwa 12. Yaro ya zo da kwamfutar da cajarta da kile ko katin microSD, kuma ya kwashe takardunsa masu muhimmanci tun daga gida.

Wassalam.
Malaman ɗakin kwamfuta, a madadin hukumar makaranta